Kurakuran da Masu Sayen Motar Lantarki Ke Maimaitawa Game da Batir da Saurin Caji

A 'yan watannin nan da wuya mako ya wuce wani bai turo mini hoton tallar wata motar lantarki ba, ya zagaye lamba ɗaya da jan layi, yana tambayar ko ya saya. Kusan kullum lambar da aka zagaye ba ita ce abin dubawa ba. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya, har da wuraren da ni kaina na tafka asara kafin na gane.

Tushen ruɗanin shi ne cakuɗa kWh da kW (kilowat). Na farkon mudu ne da ake auna yawan wutar da batir ke iya riƙewa, na biyun kuwa ƙarfin da wutar ke kwarara da shi ne. Batir mai 60 kWh da ake ba shi 60 kW zai cika a awa ɗaya a lissafin takarda, kuma wannan ne injiniyoyi ke kira 1C. Idan aka ce batir 4C ne, ana nufin zai iya karɓar ninkin haka sau huɗu, wato 240 kW. Saboda haka babban batir yakan karɓi kilowat mai yawa don girmansa kawai, kuma wanda ya kwatanta kW na mota biyu bai dubi girman batirinsu ba, bai kwatanta komai ba.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi a gida ya faru, ba a kan hanya ba. Da na sayi motata ta farko, dillali ya nuna mini takarda cewa tana karɓar caji fiye da 100 kW, ni kuma na ɗauka duk na'urar cajin da na kafa, matuƙar mai ƙarfi ce, motar za ta sha iya abin da aka ba ta. Na sayi na'urar bango mai 22 kW, mafi tsada a cikin waɗanda aka nuna mini. Mai wayarin ya zo ya ce gidana layi ɗaya ne, ita kuwa layi uku take bukata kafin ta ba da cikakken ƙarfinta, sai na sake biyan kuɗin jawo sauran layuka biyu daga turke, aka sauya waya, aka fasa bangon gareji. Ranar da aka gama na jona motar, na shiga na zauna ina kallon allonta, lambar ta hau zuwa shida da ɗoriya ta tsaya cak. Na cire na sake jonawa har sau uku. Babu abin da ya lalace. Wutar gida AC ce, wato mai kai da komowa a cikin waya, batir kuwa DC yake ci, wato mai tafiya gefe ɗaya, kuma a cikin motar akwai wata na'ura da ke juya wannan zuwa wancan. Tawa iyakarta kusan 7 kW ce, ko da tashar wutar Kainji aka jona mata. Lambar nan ta sama da ɗari ta manyan tashoshin DC ce, waɗanda ke tsallake na'urar cikin motar su zuba wuta kai tsaye a batir. Dillalin bai yi mini ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne har yau ina ganin mutane masu ilimi, waɗanda ba za su sayi buhun shinkafa ba su zura hannu a ciki ba, suna kashe irin wannan kuɗi ba su buɗe littafin motar ba. Kafin ka sayi ko da soket, nemo ƙarfin cajin AC na motarka. Layi ɗaya mai bolt 230 da amfiya 32 yana ba da kusan 7.4 kW, kuma ga mafi yawan motoci wannan ya wadatar.

A tashar DC ma, babbar lambar talla ƙololuwa ce da motar ke taɓawa na 'yan mintuna lokacin da batir ya yi ƙasa sosai. Duk wanda ya taɓa ɗura hatsi a buhu ya san yadda abin yake: da farko juyewa ake yi da kwarya, amma da an kusa baki sai an girgiza ana ƙarawa da tafin hannu. Idan aka matsa wa batir da ya kusa cika, litiyom, sinadarin da ke ɗaukar wutar a cikin batir, kan taru a saman girafait ɗin da aka tanada don ajiye shi maimakon ya shige cikinsa, wanda ke rage ƙarfin batirin har abada, don haka kwamfutar motar da kanta take rage gudun. Lambar da nake nema a kowace mota ita ce mintunan da take ɗauka daga kashi 10 zuwa kashi 80. Hyundai Ioniq 5, wadda ta fito a 2021, kamfaninta ya ce minti 18 take yi a tasha mai 350 kW, kuma irin wannan bayani ya fi kowace ƙololuwa amfani. A tafiya mai nisa, ni da na kai tamanin nake cirewa, domin ashirin ɗin ƙarshe kan ci lokaci kusan daidai da wanda saba'in ɗin farko suka ci.

Sai ruɗuwa da sunan sabbin ƙwayoyin batir, wato ƙananan batira da ake harhaɗawa su zama babban batirin mota. A watan Satumban 2020 kamfanin Tesla ya gabatar da ƙwayar 4680, ya ce tana riƙe wuta ninki biyar na wadda ta gabace ta, kuma har yau akwai masu fassara wannan da cewa motar za ta yi tafiya ninki biyar. Sunan kansa ya ba da amsa: faɗinta milimita 46, tsawonta 80, alhali tsohuwar 2170 milimita 21 ce da 70. Ƙwayar ta ninka girma sau biyar da wani abu, don haka kaɗan daga cikinta ne ke shiga wurin da da yawa ke shiga. Ƙarin nisan tafiyar da kamfanin ya yi alkawari daga siffar ƙwayar kashi 16 ne kacal. Ƙwaya mai kauri kuma ta fi wahalar fitar da zafi daga tsakiyarta, kuma da motocin Model Y masu wannan ƙwaya suka fara fitowa daga masana'antar Teksas a 2022, masu gwaji ba su iske sun fi tsofaffin saurin caji ba. Kamfanonin ƙasar Sin wata hanya suka bi. Batirin Blade na BYD, wanda ya fito a 2020, ƙwayoyi ne dogaye sirara, kusan mita ɗaya, da ake jerawa kai tsaye a cikin kwandon batir ba tare da ƙananan akwatuna ba, don a cike gurbin da sinadarin da aka yi shi da shi, LFP mai litiyom da ƙarfe da fosfet, ke da shi na ƙarancin wuta a kowane kilo. A 2023 kamfanin CATL ya sanar da batirin Shenxing mai 4C, a watan Maris na 2025 kuma BYD ya sanar da tsari mai bolt 1,000 da ke karɓar 1,000 kW. Duk wannan ci gaba ne na gaske, amma ƙarfi shi ne bolt sau amfiya, kuma tasha mai 60 kW sittin za ta ba motar, kome sabuntarta. Fara da tambayar wace tasha ce ke kusa da kai.

Asarata ta biyu zafi ne ya jawo ta, tare da taurin kaina. Saboda rashin tabbas na wuta, na saba duk lokacin da aka kawo ta sai na cika motar taf, kamar yadda muke yi da waya, na yi haka fiye da shekara. Batirin kuwa irin mai nikel da kobal ne, wanda ake kira NMC, kuma babu abin da ke tsofar da shi kamar zama a cike cikin zafi. Na ƙara da barin ta a tsakar gida a kashi ɗari, babu rumfa, na yi tafiyar mako shida a tsakanin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ban ga illar a rana ɗaya ba. Sai da na zo sayar da ita, mai sayen ya taho da wani yaro riƙe da 'yar na'ura, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya juyo mini da allon wayarsa mai nuna yadda ƙarfin batirin ya ragu, ba tare da ya ce uffan ba. Farashin da na yanka ya rushe nan take, kuma ba ni da bakin musu. Yanzu kashi 80 ne iyakata a ranakun aiki, idan zan yi tafiya in bar mota ina barin ta a wajen rabi, a inuwa, kuma ba na shiga cajin gaggawa da tsakar rana bayan doguwar tafiya idan ina da zaɓi. Wasu na cewa na cika tsoro, amma ba su ne suka tsaya gaban yaron nan ba. Mai batirin LFP kada ya kwafi wannan ido rufe: shi ana so a riƙa cika shi ɗari lokaci-lokaci, domin boltinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin cika da raguwa, kuma idan ba a cika shi ba kwamfutar motar takan ɓata lissafin abin da ya rage. Ga ƙasa mai zafi irin tamu, shi na fi so, kuma ba na ba kowa shawarar batirin da ba ruwa ke sanyaya shi ba.

Sauran ƙanana ne. Girman batir iri biyu ne, jimla da wanda aka bari a yi amfani da shi, kuma talla ta fi son na farko. Nisan tafiyar da aka auna da ma'aunin CLTC na Sin ya fi na WLTP na Turai kumbura, na WLTP kuma ya fi na EPA na Amurka, kuma babu wanda aka auna da na'urar sanyaya mota tana fama da ranar Maiduguri. Bakin cajin motar Sin GB/T ne, na Turai CCS2, ba kuma sa shiga juna sai da mahaɗi. Kada a yi caji da wayar ƙari mai arha da aka naɗe, domin amfiya goma na tsawon dare narkar da ita yake yi. Wanda kuma zai jona janareta ya sa mai wayarin ya kafa masa wayar ƙasa tukuna, in ba haka ba na'urorin caji da yawa jan fitila kawai za su kunna masa su ƙi aiki.