Darasi na 9: Mohinga, romon kifi da taliyar shinkafa na ƙasar Bama

Ƙasar Myanmar ita ce dattawanmu ke kira Bama, inda sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, suka yi yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1989 aka sauya mata suna. Tana maƙwabtaka da Indiya, Bangaladash, Sin, Lawos da Tailan. Abincin da mutanenta suka fi karya kumallo da shi, birni da ƙauye, shi ne mohinga: siririyar taliyar shinkafa da ake zuba wa romon kifi mai ɗan kauri. Wannan darasi zai nuna yadda ake dafa ta, domin wanda ya san abin da ke cikin tukunya shi zai iya zaɓen ta kirki idan tafiya ta kai shi can.

Kayan haɗi na mutum 6

Tarwaɗa kilo 1, ruwa lita 3, sandar ciyawar lemun tsami (wadda ake sa wa a shayi) guda 4, manyan albasa 2, ƙananan albasa 15, tafarnuwa ɗiya 8, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kurkum ƙaramin cokali 1, dakakken barkono, man gyaɗa rabin kofi, shinkafa rabin kofi, taliyar shinkafa rabin kilo. Mutanen Bama na ƙara abu uku: garin waken nan mai zagayen ƙwaya da Larabawa ke kira hummus, da zuciyar kututturen ayaba, da ruwan kifi mai gishiri. Wasu na sa ngapi, wato kifi ko jatan lande da aka tsima da gishiri. Aikinsa a tukunyarsu shi ne aikin daddawa a tamu: kaɗan ake sawa, amma in babu shi baki zai gane.

Yadda ake yi

A wanke tarwaɗa da gishiri da lemun tsami har yauƙin ya fita. A sa ta a ruwan tare da sandar ciyawa 2 da aka bubbuga, rabin kurkum da ɗan gishiri. Minti 15 bayan tafasa ya isa. Idan aka wuce haka naman zai dagargaje ya cakuɗe da ƙaya, kuma tsince ƙaya a cikin romo aiki ne mai wuya. A tsame kifin, a bari ya huce, a zare naman da hannu. Kai da ƙashi a mayar da su tukunya su ƙara minti 20, sannan a tace ruwan da rariya.

Kafin nan a soya shinkafar a busasshen kasko, babu mai, ana juyawa har ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, a daka ta zama gari. A nan masu koyo suka fi yin kuskure. Shinkafar da ba ta soyu ba tana mayar da romo kamar kunu, ba ƙamshi. Wadda ta ƙone kuwa ɗaci take kawowa, kuma ba abin da ke gyara shi.

A daka manyan albasa, tafarnuwa, citta da farin gindin sauran ciyawar. A soya su a man gyaɗa da sauran kurkum da barkono, wuta kaɗan-kaɗan, har mai ya taso sama. A zuba naman kifin a juya minti 5. Wannan suyar ce ke kashe ƙarni; wanda ya yi gaggawa a nan zai ji shi a kwano.

Sai a dama garin shinkafar da ruwan sanyi kofi 2 kafin a zuba cikin romon da ke tafasa. Idan aka barbaɗa shi a bushe, gudaji zai yi. A sa soyayyen kifin, da ƙananan albasa ɗungurungum, da ruwan kifi mai gishirin nan babban cokali 4, ko gishiri in babu. A rage wuta, a bar shi minti 30 zuwa 40, ana juyawa har ƙasan tukunya saboda gari na kwanciya ya kama. Kaurin da ake so shi ne romo ya ɗan lulluɓe bayan cokali amma ya zuba da sauƙi.

Mai son sa ayaba ya ɓare ɓawon kututturen har ya kai farar zuciyar, ya yanka siri-siri, ya naɗe zaren da ke fitowa a yatsa ya yar, ya jiƙa a ruwan gishiri nan take, in ba haka ba ta yi baƙi. Ita ce ke ba mohinga ɗan garas-garas ɗin da aka san ta da shi.

Taliya dabam ake dafawa, a tsane. Ba a haɗa ta da romo sai an zo ci, don tana shan ruwa ta kumbura ta yi laushi.

A bakin hanya

A Yangon, birni mafi girma a ƙasar, da ƙauyukan yankin kogin Irawadi, tun da asuba ake fitowa da mohinga. Wasu masu sayarwa na ɗauke da sanda a kafaɗa, tukunya bisa murhun gawayi a gefe ɗaya, kwanuka da taliya a ɗaya gefen. Ana zama a gajerun kujeru, a ci da cokali. Mai sayarwa zai tambayi abin da za a ɗora: dafaffen ƙwai, soyayyen wake mai ƙaras-ƙaras da ake karyawa a kai, ko soyayyen duma. Lemun tsami, ganyen koriyanda da barkono suna kan tebur. Mohingar jihar Rakhine ta fi tsinkewa, ta kuma fi yaji.

Matafiyi ya fara duba tukunya. In tana kan wuta tana tururi, romon ya kashe yawancin abin da ke ɓata ciki. In an sauke ta tun safe tana ɗumi-ɗumi a rana, a wuce, ko da kuwa ƙamshinta na jan mutum. Romon kifi mai gari saurin lalacewa gare shi a ƙasa mai zafi. Sai a duba ruwan wanke kwano. Ɗanyen ganye da ƙanƙara su ne haɗarin baƙo, musamman da damina, daga Mayu zuwa Oktoba. Shayin ganye mara madara da ake ajiyewa kyauta a buta tafasasshe ne, ya fi ruwan randa aminci.

Musulmi ya riƙe kalmomi uku: nga kifi, kyet tha kaza, wet tha alade. Mohinga da kifi ake yinta, amma taliyar Shan, wato ta mutanen jihar Shan, sau da yawa da naman alade take zuwa, haka tsiren kayan ciki da ake jerawa kewaye da faffaɗar tukunya. A tambaya kuma ko man suyar an soya wani nama a ciki. Shagunan Musulmi a can sukan rubuta lamba 786 a ƙofa.

Akwai kuma laphet thoke, kwaɗon ganyen shayi da aka tsima, da gyaɗa, riɗi, soyayyar tafarnuwa da tumatir. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai bai ga wuta ba kuma da hannu ake cakuɗa shi, don haka a zaɓi wuri mai tsabta. Kada a ci da dare, yana hana barci.

Tun juyin mulkin Fabrairun 2021 ana faɗa a sassa da dama na ƙasar. Kada a shiga ƙauye sai an bincika halin da hanyar ke ciki.

Aikin yi

1. Me ya sa ake dama garin shinkafa da ruwan sanyi?
2. Rubuta kayan haɗin da za su ishi mutum 12.
3. Ka iske tukunya biyu, ɗaya na tafasa, ɗaya an sauke. Rubuta jimla biyu kan wadda za ka saya da dalilinka.