Yadda ake ziyarar Alkahira cikin kwana uku

Babu mai gama ganin Alkahira a kwana uku. Abin da ya fi cinye lokacin baƙo a can shi ne cunkoson motoci, don haka dabarar ita ce a raba birnin yanki-yanki: kowace rana yanki ɗaya, a fita da sassafe, idan an isa a yi sauran da ƙafa.

Fara da zaɓen lokaci. Daga Oktoba zuwa Afrilu yanayi yana da sauƙi, amma tsakanin Yuni da Agusta rana ba ta barin mutum ya yi doguwar tafiya. Daga Maris zuwa Mayu kuma akan yi iskar ƙura da Misirawa ke kira Hamsin. Ka nemi bayanin biza a ofishin jakadancin Misira tun kafin ka biya kuɗin jirgi, ka kama masauki kusa da Dandalin Tahrir ko a tsibirin Zamalek, don ka kasance a tsakiya. Ka riƙe katin banki, domin manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Duk da haka ka canzo ƙananan takardun fam ɗin Misira, saboda bakshish, ɗan ihsanin da ake ba mai ajiye takalma ko mai buɗe maka ƙofar hasumiya.

Rana ta farko ka ba Giza, inda dalolin fir'aunoni suke. Ka isa ana buɗewa, kafin motocin masu yawon buɗe ido su cika wurin. Babbar dala, ta Fir'auna Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, kuma asalin tsayinta mita 146 ne. Shiga cikinta sai da tikiti na daban, hanyar kuma matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa. Mai ciwon gwiwa ko baya ya haƙura, ɗakin da ke ciki kusan fayau yake. Masu raƙuma za su biyo ka. In kana so, ku gama ciniki tukuna, a faɗi har da kuɗin saukowa. In ba ka so, "la, shukran" (a'a, na gode) ta wadatar. Daga nan ka gangara wajen gunkin Abul Haul, mai kan mutum da jikin zaki, da rana ta take ka shige Babban Gidan Tarihin Misira da ke kusa, inda kayan kabarin Tutankhamun suke.

Rana ta biyu, a ganina, ita ce zuciyar tafiyar. Ka fara da Kal'a, sansanin da Salahuddin al-Ayyubi ya soma ginawa a 1176, wanda ya zama mazaunin masu mulkin Misira na kusan shekara 700. Daga farfajiyar masallacin Muhammad Ali da ke cikinta ana hangen birnin gaba ɗaya. Kana saukowa ga masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356, mai zaure huɗu, kowace mazhaba da makarantarta. Kada ka yi gaggawa a nan. Idan ƙafa ba ta gaji ba, masallacin Ibn Tulun na 879 ba shi da nisa, matakalar hasumiyarsa ta waje take zagayawa, kuma sau da yawa ba kowa a ciki.

Bayan la'asar ka nufi Azhar, wanda aka kammala a 972, shekara uku bayan kwamandan yaƙi Jauhar as-Sikilli ya kafa wa daular Faɗimawa birnin. Ka tsallaka titi zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, inda farashin farko ba shi ne farashi ba. Sai ka bi titin Mu'izz zuwa ƙofar Bab al-Futuh, ka tsaya a ginin Sultan Kalawun, mai makaranta da kabari da asibiti. Wannan yankin ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. A wannan birnin ne kuma Mansa Musa, sarkin Mali, ya yada zango a 1324 kan hanyarsa ta hajji.

Rana ta uku ka sassauta. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga tashar Sadat zuwa Mar Girgis. Akwai tarago na mata zalla. Kana fitowa ga tsofaffin coci-cocin Kibɗawa, wato Kiristocin Misira, gaba kaɗan masallacin Amru bin As, na farko da aka gina a Misira. Gawarwakin fir'aunoni da sarauniyoyi 22 da aka ɗauke daga gidan tarihin Tahrir a 2021 suna gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, nan kusa. Mai son ziyara ya ƙarasa kubbar Imam Shafi'i da tasi.

In Juma'a ta faɗo cikin kwanakinka, kada ka sa ta ranar masallatai, ana hana masu kallo shiga lokacin salla; safiyarta kuwa tituna a sake suke, ta fi dacewa da Giza. A watan azumi wurare da yawa kan rufe da wuri. Ranar komawa ka bar masauki aƙalla awa huɗu kafin tashin jirgi.