Yadda ake fita cin abinci a Wuse 2 ba tare da an ji kunya ba

Da zarar rana ta faɗi a Abuja, matasa da ma'aikatan da suka tashi daga ofis Wuse 2 suke nufa. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola cike suke da gidajen abinci, na Labanawa da na Indiyawa da na 'yan Sin, ga masu shawarma da gasasshen kifi, ga masu tsire da balangu a bakin hanya. Sai dai a nan ba abinci kaɗai ake biya ba, har da kujera da sanyin ɗaki da fitilu. Wanda ya shiga da ka, shi ke fitowa yana zufa.

Da farko, ka zaɓi wuri tun kana gida. Yawancinsu suna da shafi a Instagram. Kada hoton bango da furanni ya ɗauke maka hankali, ka nemi farashi, ka karanta abin da waɗanda suka ci suka faɗa. In ku da yawa ne, musamman daren Juma'a ko Asabar, ka kira a ajiye muku teburi.

Na biyu, a gama maganar wanda zai biya kafin a fita. A al'adarmu wanda ya gayyata shi ke biya, amma abokai yanzu karo-karo suke yi. Duk wanda aka zaɓa, a faɗe shi a sarari. "Kowa da aljihunsa ne fa yau" ba rowa ba ce, rufin asiri ne.

Sai lokaci. Ni na fi son a yi magariba a masallacin An-Noor da ke unguwar, sannan a wuce kafin wuri ya cika. Wajen ajiye mota wahala yake, kuma tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, don haka kiran mota ta manhaja irin Bolt ya fi sauƙi.

Idan kun zauna, a nan ake buƙatar natsuwa. Kafin ka ce a kawo komai, ka tambayi mai hidima: "Don Allah farashin nan har da haraji?" Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, wasu wuraren kuma suna ɗora kuɗin hidima. A ce kun ci na naira 20,000, harajin 1,500 ne. In kuɗin hidimarsu kashi 10 ne, ga wata 2,000. Ka ga 23,500 ke nan, ban da ruwan gora da aka dire muku ba ku tambaya ba, wanda shi ma zai fito a takardar biya.

Ka kuma tambayi abin da aka sa a girki, kada ka ji nauyi. Wasu miyoyin Turawa da na 'yan Sin ana zuba musu giya, wani wurin kuma yana dafa naman alade. Ko Chapman, jan lemon nan da yankan kokwamba ke yawo a kansa, akan ɗiga masa Angostura, wadda ke ɗauke da barasa. Ka ce a haɗa maka ba ita, za su yi. Abin yana damuna yadda yaranmu ke shanye abin da ba su sani ba don gudun a ce musu 'yan ƙauye. In kuma da iyali ka zo, ka tambaya ko akwai ɓangaren da ba a busa shisha.

Wajen oda, ku fara da kaɗan. Babban kifi ɗaya da dankali yakan ishi mutum biyu, in bai isa ba a ƙaro. Abin da ya rage a ce a ƙunsa muku, kuɗinku ne.

Idan aka kawo takardar biya, ka bi ta layi-layi. Ka riƙe kati da 'yan tsabar kuɗi, domin netwok kan tsaya, ka yi tiransifa a tsare ka jiran alat. Wanda ya yi muku hidima da fara'a ka ba shi ihsani a hannunsa, mai gadin mota ma haka.

Wajen komawa, kada ka tare motar da ba ka sani ba a bakin titi da dare, saboda 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar mutum kamar 'yan tasi su yi masa fashi. Ka kira mota kana ciki a zaune, ka duba lambarta ta yi daidai da ta waya, sannan ka shiga.