Yadda Mai Koyon Jita Zai Yi Idan Hannunsa Ya Tsaya Wuri Ɗaya

Makonnin farko na koyon jita suna da daɗi, domin kusan kowace rana akwai sabon abin da hannu ke kamawa. Bayan 'yan watanni sai abin ya tsaya cak. Mutum yana zama kullum, yana ba jitar lokacinsa, amma abin da ya kaɗa a makon jiya shi ne dai yake kaɗawa yau, da kuskuren nan guda a wurin nan guda. Daga nan ne ake jingine jita a bayan ƙofa har ƙura ta rufe ta, mai ita kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa. Na zauna da matasa masu koyo da dama a Samaru da Sabon Gari, kuma abin da na gani shi ne wannan hukunci kusan kullum kuskure ne. Tsayawar tana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, ko dai a jikin jitar, ko a yadda ake bita, ko kuma a kunnen mai koyon, kuma aikinka shi ne ka gano wanne ne naka.

Ka fara da binciken jitar kafin ka zargi hannunka. Akwai wani yaro daga Tudun Wada da ya zo mini ransa a ɓace, ya ce wata uku yana fama da kod ɗin F, wato ɗaya daga cikin haɗin sautukan da ake samu ta danna tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, amma sauti ya ƙi fita sai wani gunji kamar na ƙudan zuma. Jitar tasa ta hannu ce, ya saye ta da arha. Na karɓa na duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, waɗanda makaɗa ke kira furet, sai na ga har ɗan ƙaramin yatsana yana neman shigewa. Na miƙa masa tawa na ce ya danna kamar yadda ya saba, nan take sauti ya fita, ko da yake bai gama washewa ba. Ya daɗe yana kallon yatsunsa bai ce komai ba. Wata uku yana ganin laifin kansa, alhali kayan aikin ne ke yaƙarsa.

Za ka iya yin wannan awon da kanka da katin cirar kuɗi, wanda kaurinsa milimita 0.76 ne. Ka je furet na 12, ka zura katunan a ƙarƙashin tsirkiya mafi kauri. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, tazarar da ta dace ita ce kusan milimita 2.5, wato kati uku su shiga da ɗan sarari kaɗan. Idan huɗu ko biyar suka shige a sake, tsirkiyoyin sun yi tsayi, kuma ko gwani ne zai sha wahala. Gyaran ba mai tsada ba ne: ana rage tsayin ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai a fuskar jitar, irin wanda masu goge da garaya ke kira jaki, ko a daidaita ƙarfen da ke cikin wuyanta. Amma ina ba da shawarar ka kai wa wanda ya san aikin, domin idan aka murɗa wannan ƙarfe da ganganci wuyan yana iya lalacewa. Haka nan ka duba kaurin tsirkiyoyin. Yawancin jitocin katako suna zuwa da masu lamba 12, alhali masu lamba 10 ko 11 sun fi laushi a hannun mai koyo nesa ba kusa ba.

Yanayin garinmu ma yana da hannu a ciki. Katakon jita ya fi son iska mai matsakaicin danshi, kusan kashi 45 zuwa 55 cikin 100, hunturun Zariya kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana busar da komai. Katako yakan tsuke, gefen ƙarafan ya fito yana kartar hannu, wani lokaci ma fuskar jitar ta tsage. Da damina kuma sai katakon ya kumbura, tsirkiyoyi su ƙara tsayi su yi tsatsa. Saboda haka jitar da ta yi maka biyayya a watan Oktoba tana iya canza hali a Janairu ba tare da hannunka ya ja baya ba. Ka riƙa ajiye ta a cikin jakarta nesa da taga, da hunturu ka sa ɗan soso mai laima a cikin roba mai ƙananan huji ka ajiye a jakar ta yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba, ka kuma goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama.

Zafin kan yatsu kuwa na 'yan makonni ne, har fatar ta yi kanta. Ka yanke farcen hannun da kake dannawa da shi, kada ka kaɗa bayan ka gama wanki fata na jiƙe, kuma idan hunturu na tsaga maka yatsu ka shafa man kaɗanya da dare, ba dab da ɗaukar jita ba. Ciwon wuyan hannu ko na gaɓa daban ne. Wannan ba a jure masa, alama ce ta kana matsawa fiye da kima ko zamanka bai daidaita ba, kuma idan ya ƙi tafiya bayan hutu sai a ga likita.

Idan jitar lafiya take, to sai a koma ga yadda kake bita, kuma a nan ne mafi yawan matsalar take. Abin da yawancin masu koyo ke kira bita shi ne su kaɗa waƙa daga farko, su yi tuntuɓe a tsakiya, su yi tsaki su koma farko. Wanda ya yi haka sau 20 ya maimaita sashen da ya riga ya iya sau 20, ya kuma maimaita kuskurensa sau 20, domin hannu ba ya bambance daidai da kuskure, abin da aka saba masa shi yake riƙewa. Maganin shi ne ka ƙuntata matsalar har ta zama ƙarama. Kada ka ce ba ka iya waƙar ba. Ka nemo ainihin inda hannu ke sarƙewa, wanda sau da yawa sauyi ɗaya ne daga wani kod zuwa wani, ka ware shi shi kaɗai.

Ɗauki misalin sauyi daga C zuwa Am. Mai koyo yakan ɗage yatsunsa uku gaba ɗaya ya sake jera su, alhali biyu daga cikinsu ba su da inda za su je. Idan aka ƙirga daga tsirkiya mafi siriri, manuni yana nan a furet na 1 kan tsirkiya ta biyu, na tsakiya yana nan a furet na 2 kan tsirkiya ta huɗu, yatsan zobe kaɗai ke tashi daga tsirkiya ta biyar ya sauka a furet na 2 kan ta uku. Ranar da mutum ya lura da wannan, sauyin da ya gagare shi makonni yakan zo cikin zama ɗaya. A kowane sauyi ka tsaya ka tambayi kanka wane yatsa ne zai zauna, wanne ne zai zame kawai, wanne ne kuma ke isowa a makare. Mai makarar nan shi za ka riƙa fara ajiyewa har ya saba. Bayan haka ka saita agogon wayarka minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya tsakanin kod biyun da sauti mai tsabta, ka rubuta adadin da kwanan wata a ɗan littafi. Wanda ya rubuta 14 ranar Litinin ya ga 22 ranar Juma'a ba zai ƙara cewa ba ya ci gaba ba.

Sai batun gudu, wanda shi ne masu koyo suka fi ƙi. Ka sauke manhajar ƙidayar bugu, wadda ake kira metronom, ka sa ta a bugu 60 a minti, ko ƙasa da haka idan ya kama. Ka kaɗa wurin da ke ba ka wahala a wannan tafiyar hawainiya har ka yi shi sau biyar a jere babu kuskure, sannan ka ƙara bugu 4 ko 5. Idan ya wargaje, ka koma baya. Na san akwai gundura a ciki, amma ban taɓa ganin wanda ya bi wannan hanya tsakani da Allah ya zauna inda yake ba. Ka kuma hana hannun da ke kaɗawa tsayawa jiran ɗan'uwansa. Ko da yatsu ba su gama zama ba, ya ci gaba da sauka da hawa, domin mai sauraro yana yafe sauti ɗaya da ya dushe amma yana jin duk inda kiɗa ya yanke.

Shi kuwa F da ke korar mutane, kada ka fara shi a inda yake. Furet na 1 ne wurin da tsirkiya ta fi tauri. Ka ɗauki siffar yatsun yadda take ka kai ta furet na 5, inda dannawa ta fi sauƙi, ka ɗan karkata manuni, wanda a wannan kod ke kwanciya a kan tsirkiyoyin duka, ya danna da gefensa mai ƙashi, ka bar nauyin hannu ya taimaka maimakon matsi da babban yatsa. Idan ya fita a can, sai ka riƙa saukowa furet ɗaya-ɗaya. Kafin nan ka yi amfani da ƙaramin F na tsirkiya huɗu, babu abin kunya a cikinsa.

Akwai kuma tsayawar da ba tsayawa ba ce. Tun a 1897 wasu masana biyu a Amurka, Bryan da Harter, suka lura da masu koyon aikin wayar tangarahu, suka ga bayan saurin ci gaba na farko sukan yi makonni kamar ba sa motsi, kafin su sake yin sama a lokacin da suka daina jin haruffa ɗaya-ɗaya suka fara jin kalmomi. Haka abin yake a jita, lokacin da hannu ke ƙoƙarin haɗa ƙananan motsi su zama abu guda. Ƙari a kan haka, kunne yana riga hannu wayewa. Kuskuren da ba ka ji a watan farko yanzu kana jin sa, sai ka ɗauka lalacewa ka yi. Shi ya sa nake roƙon kowane mai koyo ya naɗi kiɗansa a waya sau ɗaya a mako, ya ajiye, kada ya saurara sai bayan wata guda, sannan ya haɗa da na ranar.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, saboda a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke daɗa kafa abin da hannu ya koya da rana. Sau da yawa abin da ya ƙi da dare yakan zo da safe. Na san ba kowa ke da sararin yin haka ba. Ɗalibi a ɗakin kwanan Jami'ar Ahmadu Bello yana da abokan ɗaki masu karatu, wani kuma yana gidan da iyaye ba su cika son jin kiɗa ba, kuma girmama su wajibi ne. Idan ka cusa ɗan ƙyalle a ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da jaki, sautin zai dushe ya zama ƙwas-ƙwas da ba ya wuce ƙofa, yatsu kuma su yi aikinsu cikakke. Ka ɗaura bitar a kan wani lokaci da ba ya canzawa, kamar bayan la'asar, don kada kullum ka tsaya shawarar yaushe za ka yi.

Wani abin da ke jawo tsayawa a zamanin nan shi ne yawan malamai. Mutum ya ƙona datarsa a YouTube, yau darasin wannan, gobe na wancan, ya iya farkon waƙa goma bai iya ko ɗaya har ƙarshe ba. Ka zaɓi guda ɗaya mai sauƙi ka kai ta ƙarshe. Idan kuma waƙoƙin waje sun gundure ka, ka waiwayi gida. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma suna nan a jere a furet na 5 zuwa na 8. Ka ɗauki wani karin gurmi ko na garaya da ka sani tun kana yaro, ka neme shi da kunne a kan tsirkiya ɗaya ko biyu. Marigayi Ali Farka Touré na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauke salon ya ɗora a kan jita, har duniya ta san shi da shi. A ganina wannan ce hanya mafi sauri ta dawo wa mai koyo da daɗin da ya sa ya fara, domin karin yana cikin kunnensa tun tuni, hannu kawai yake nema.

Ka nemi wanda za ku riƙa kaɗawa tare, ko da sau biyu a wata. A Sabon Gari akwai makaɗa da suka daɗe a harkar, kuma wanda ya iya yakan hango cikin minti biyar abin da kai ba za ka gani ba a wata biyar, kamar gwiwar hannu da ta manne da jiki ko babban yatsa da ya leƙo sama da yawa. Sai dai kada ka auna kanka da shi, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Idan duk da haka ka ji ranka na ɓaci da zarar ka ɗauki jitar, ka ajiye ta kwana biyu ko uku da niyyar hutu, ka sa ranar da za ka dawo. Kwana uku ba sa goge abin da hannu ya koya, kantar yatsu ma ba ta tafiya a cikinsu. Ranar dawowar kada ka fara da abin da ya kore ka. Ka goge tsirkiyoyi, ka saita sautinsu ɗaya bayan ɗaya, ka kaɗa abin da ka fi iyawa na minti biyar, sannan ka buɗe littafinka ka duba adadi na ƙarshe da ka rubuta, ka mai da metronom baya da bugu 10, ka ɗora daga nan.