Yadda zaka gane Lotus corniculatus a gaɓar teku, da abin da ya kamata ka duba a kusa da shi

Abu na farko dai sai ka yarda ka durƙusa, don wannan tsiro baya miƙewa sama, musamman wanda ke bakin teku inda iska mai gishiri ke kaɗawa dare da rana, kwanciya yake yi ya shimfiɗu kan yashi ko cikin gajeriyar ciyawa a saman duwatsun gaɓa. Ɗan dangin wake ne, masanin tsirrai Linnaeus ne ya bashi wannan suna a 1753, asalinsa Turai da Asiya da arewacin Afirka, kuma a gaɓar Birtaniya da Ayalan zaka same shi birjik. Lokacin furensa daga Mayu ne zuwa Satumba, in kaje wajen Yuni ko Yuli sai kaga gefen tudun yashi yayi rawaya fes.

To fara da ganye. Kallon farko zaka rantse uku ne a haɗe, amma dan Allah kar kayi sauri, bi sandar ganyen da ido zuwa gindinta inda ta haɗu da kara, akwai wasu biyu a maƙale a wurin, kenan biyar ne. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka shi da 'yan Trifolium, wasu tsirrai masu kama da shi da ke tsirowa tare da shi, su nasu uku ne cif. Sai furen, suna fitowa a dunƙule a kan doguwar sanda guda, kamar biyu zuwa bakwai, rawaya, kafin su buɗe kuma sau da yawa da ja-ja ko ruwan lemo a bakinsu. In ƙarshen bazarar Turai yazo furen ya zube sai kwasfa ta fito, sirara masu tsawon santimita 2 zuwa 3, a baje kamar yatsun ƙafar tsuntsu. In ta bushe tayi duhu murɗewa take yi ta fashe ta watsa iri.

Akwai ɗan'uwansa Lotus pedunculatus da mutane ke ruɗawa da shi, shi yafi tsayi kuma wuri mai danshi yake so, bakin fadama ko ramin ruwa. Matsa karan a hankali tsakanin yatsu, in kaji fanko ne a ciki to shi ne, namu karansa a cike yake.

Yanzu tambayar da nafi so, ya akayi yake rayuwa a yashin da ba komai a ciki? Saiwarsa ce. Tana da doguwar uwar saiwa da ke nutsawa ƙasa sosai ta nemo danshi, sannan a jikin ƙananan saiwoyin akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda bakteriya mai suna Mesorhizobium loti ke zaune tana kamo naitirojin, sinadarin da ke zama taki ga tsiro, daga iska ta bashi, shi kuma yana ciyar da ita da sukari. Shiyasa ƙasa mara taki ce gidansa, inda aka zuba taki manyan ciyayi ne ke taso masa su rufe shi ya rasa rana. Amma kar ka tuge shi don kana son ganin saiwar, a Birtaniya dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tuge tsiron daji ba da izinin mai fili ba, kuma ko ba doka, saiwar nan na daga cikin abin da ke riƙe yashin wurin. In ka zagaya bakin inda yashi ya zaizaye da kansa wani lokaci zaka ganta a fili.

Daga nan sai ka zauna shiru ka jira baƙinsa. Manyan ƙudan zuman nan masu gashi su ne abokan hulɗarsa, in ɗaya ta sauka nauyinta na danne ƙasan furen sai garin fure ya matso ta ɗan tsinin ya shafe mata ciki, wallahi abin kallo ne in kana kusa. Zaka kuma ga ƙaramin malam-buɗe-littafi shuɗi, Polyommatus icarus, a ganyen nan tsutsarsa ke kiwo. Sai wani baƙin ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, mai ɗigon ja shida a kowane fiffiken gaba, Zygaena filipendulae, yana yawo da rana tsaka hankalinsa kwance, dalili kuwa tsutsarsa tana tara sinadaran linamarin da lotaustralin daga ganyen, waɗanda ke sakin gubar sayanaid, tsuntsu ya ɗanɗana sau ɗaya bazai sake ba.

Gubar nan ba kowane tsiro ke da ita ba, a cikin jinsi ɗaya wani na da ita wani babu. Masanin kimiyyar gadon halitta David Jones da abokan aikinsa sun bibiyi wannan a Porthdafarch da ke yankin Anglesey a Wels, suka ga waɗanda ke dab da teku galibi basu da gubar, na can ciki kuma yawanci suna da ita. Bayanin da suka bayar shi ne feshin gishiri na korar katantanwa da dodon koɗi daga bakin gaɓa, to tsiron da ba mai cinsa me zai yi da guba? Saboda haka in kana wurin ka taka daga bakin ruwa zuwa ciki kana duba ganyen da aka gatsa, ka lura inda ɓarnar tafi yawa. Kar dai ka kai ganyen baki.

In kuma shuka shi kake son yi, nemi irin daji na yankin, ba wanda ake sayarwa don kiwon dabbobi ba, wancan dogo ne a miƙe kuma yana gauraya da na gida. Ɓawon irin nada tauri, goga shi kaɗan da samfefa don ruwa ya shiga, ka watsa a ƙasa mai yashi inda rana ke samu, ka danna da ƙafa kawai ba sai ka binne da zurfi ba, taki kuma ko kaɗan. Shekarar farko a hankali yake tafiya don ƙarfinsa na ƙasa, sai ka riƙa cire ciyawar da ke neman yi masa inuwa, a shekara ta biyu ne zaka ga fure sosai.