Darasi na Bakwai: Rufe Manhaja da Motsin Yatsan da Waya ba ta Nunawa

A darasin da ya gabata mun koyi buɗe manhaja ta hanyar taɓa hotonta a fuskar waya. Yanzu za mu duba abin da ke faruwa bayan an gama da ita, domin mutane da yawa suna zaton cewa da zarar sun koma babban shafin waya, manhajar ta rufe ke nan, alhali kuwa tana nan a ajiye, kamar littafin da aka kife a daidai shafin da aka tsaya. Shi ya sa idan kuna cikin rubuta saƙo a WhatsApp aka kira ku, kuka gama magana kuka dawo, sai ku tarar da rabin saƙon yana jiranku inda kuka bar shi.

Kowace waya tana da wurin da take jera manhajojin da aka buɗe kwanan nan, kowace da katinta mai ɗauke da hoton inda aka tsaya. Hanyar zuwa wurin ce ta bambanta. Ku dubi can ƙasan fuskar wayarku. Idan Android ce kuma kun ga alamomi uku, alwatika ta komawa baya ce, da'ira ta zuwa babban shafi ce, mai kusurwa huɗu kuma ita ce ke fito da katunan. A wayoyin Samsung sanduna uku ne a tsaye a madadinta, kuma yawanci a hagu suke. A tsofaffin iPhone masu maɓalli zagayayye a ƙasa, ana danna shi sau biyu a jere da sauri.

Wahalar tana ga wayoyin da ba su da waɗannan alamomi sam. A shekarar 2017 kamfanin Apple ya fitar da iPhone X ba tare da maɓallin ƙasa ba, a 2019 kuma Android 10 ta zo da irin wannan tsari, inda motsin yatsa ya maye gurbin maɓallai. Abin da ya rage a ƙasan fuska shi ne wani siririn layi a kwance, wanda mai sabuwar waya zai iya yin wata guda bai lura da shi ba. Maɓalli yana sanar da kansa, domin ido yana ganinsa, hannu ya kai gare shi. Motsin yatsa kuwa ba shi da alama ko rubutu, sai an nuna wa mutum, ko ya ci karo da shi bisa kuskure. A ganina masu ƙera waya sun sami faɗin fuska, amma sun bar sabon mai koyo a duhu, don haka kada wanda ya rikice ya ɗora wa kansa laifi.

Ga yadda ake yi. Ku ɗora babban yatsa a kan siririn layin, ku ja shi sama a hankali kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, sannan ku tsaya ba tare da ɗaga hannu ba, har sai katunan sun bayyana, wasu wayoyin ma sukan ɗan girgiza a wannan lokacin. Tsayawar nan ita ce sirrin aikin. Na ga wani dattijo a aji ya gwada sau da yawa, kullum yana fizgar yatsansa sama kamar mai kore ƙuda, kullum wayar tana mayar da shi babban shafi, har ya ce wayarsa ce ta lalace. Da aka ce masa ya ja ya ƙirga ɗaya a zuciyarsa kafin ya saki, nan take katunan suka fito. Fizga da sauri tana kai mutum babban shafi ne, ja da tsayawa kuma yana kai shi ga katuna.

Idan katunan sun fito, ku shafa hagu ko dama har ku sami wanda kuke nema, sannan ku ture shi sama ya fice daga fuska. An rufe manhajar ke nan. Yawancin wayoyin Android suna da maɓallin share duka gaba ɗaya, amma iPhone ba ta da shi. Kada ku ji tsoro, ture kati ba ya goge manhaja daga waya, kuma ba ya taɓa hotunanku ko saƙonninku. Abin da kawai zai iya salwanta shi ne aikin da ba a adana ba, misali fom ɗin da kuka cika rabinsa.

Wanda hannunsa ke rawa, ko wanda motsin ya ƙi zama masa, yana da mafita. A Android ana shiga saituna, a nemi sashen kewayawa, a zaɓi tsarin maɓallai uku, su dawo ƙasan fuska. A iPhone babu irin wannan zaɓi, sai dai akwai AssistiveTouch, wani ɗigo da ke zama a kan fuska, wanda ake iya saitawa ya riƙa fito da katunan da taɓawa ɗaya.

Saura tambayar yaushe ya kamata a rufe manhaja. Akwai masu share katuna duka sau goma a yini da niyyar tattalin caji, amma wannan ɗabi'a ba ta da amfanin da ake zato. Waya da kanta tana dakatar da yawancin manhajojin da ba a amfani da su, kuma idan wurin aiki a ƙwaƙwalwarta ya yi mata kaɗan ita ke sallamar wadda aka daɗe ba a taɓa ba. Tayar da manhaja daga farko yakan ci ƙarfi fiye da dawo da wadda aka dakatar. A 2016 Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, ya amsa wa wani mai tambaya cewa rufe manhajoji ba ya ƙara wa batir daɗewa. Lokacin rufewa shi ne idan manhaja ta tsaya cak ta ƙi amsa taɓawa, ko bidiyo ya maƙale, ko taswira ta ci gaba da ba da kwatance bayan kun isa inda za ku.

Aikin gwaji: ku buɗe agogo, da kyamara, da manhajar lissafi ɗaya bayan ɗaya, kuna komawa babban shafi a tsakaninsu. Ku fito da katunan, ku ture na kyamara shi kaɗai, sannan ku taɓa na agogo ku ga ko ya dawo da ku inda kuka tsaya. Bayan haka ku karɓi wayar wanda ke zaune kusa da ku, musamman idan kamfaninta daban ne da taku, ku nemo katunan a cikinta kafin ya nuna muku.