Kurakuran da ke cinye lasisin 'yan canji

Ranar 1 ga Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya. Dalilan da ya bayar su ne rashin biyan kuɗin sabunta lasisi a kan lokaci, rashin aika rahoton hada-hada, da rashin bin ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram. Abin da ke ci mini rai shi ne duk abubuwa ne da ma'aikaci ɗaya mai lura zai iya riƙewa, amma ga shi sun rufe ƙofar abincin mutane daga Wapa ta Kano har Zone 4 ta Abuja.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar sassauci a matsayin yafiya baki ɗaya. A Janairun 2025 bankin ya yafe wa kamfanonin canji kuɗin sabunta lasisi na wannan shekarar. Kuɗin kaɗai ya yafe, na shekara ɗaya tak. Rahoto da tantance abokan ciniki suna nan daram. Haka ma batun jari. Ƙa'idojin Mayun 2024 sun ɗora mafi ƙarancin jari na naira biliyan 2 a kan kamfanonin rukuni na ɗaya mai aiki a faɗin ƙasa, da miliyan 500 a kan rukuni na biyu mai aiki a jiha guda. Da aka ɗaga wa'adin cika wannan jari daga Disamban 2024 zuwa 3 ga Yunin 2025, adadin bai ragu ko da kwabo ba, sai dai wasu suka saki jiki kamar an janye dokar. Gyaran ba wuya: duk sanarwar sassauci da ta fito, ka samo takardar da kanka, ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka ɗage, da wanda aka ɗage wa, da ranar da zai ƙare. Kada ka gina kasuwancinka a kan "an ce" ta WhatsApp.

Sai kuma sanayya. Alhaji ya shekara ashirin yana sayar maka da dala, nauyin bakinsa kake ji ka ce ya kawo BVN ko NIN. Na san nauyin, amma mai bincike ba ya karɓar "ai na san shi". Wanda ya kawo dala 10,000 ko sama da haka sai ya bayyana inda ya samo su. Ka sa yaron ofis ya riƙa tambayar kowa da kowa, babba da yaro, sai abin ya daina zama cin fuska.

Wasu kuma suna raba ciniki gida-gida don kada ya kai adadin da ake kai rahoto. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce cinikin da ya haura naira miliyan 5 na mutum ɗaya, ko miliyan 10 na kamfani, a sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin kwana bakwai. Rarrabawar kanta abin zargi ce, kuma ita ma rahoto ake kai mata.

Takardu kuwa, doka ta ce a ajiye su aƙalla shekara biyar. Littafin da ke cikin durowa ruwa ko gobara na iya tafiya da shi, don haka a ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka rubuta shi, a ajiye kwafi a wani wuri daban da ofis.